B4.1.1.1.1: Yadda Aka Gina Manhajar Makarantun Ghana

Ƙanwata tica ce a wata firamare ta gwamnati a nan Kumasi, aji huɗu take riƙewa. Duk daren Lahadi, bayan an yi isha'i an kwashe kwanuka, za ka same ta a tsakar gida da dogon littafin shirin darasi tana cike layuka, domin Litinin da safe hedimasta zai duba ya sa hannu. Wani dare maƙwabcinmu, dattijo mai fataucin goro, ya shigo karɓar saƙo. Ya leƙa littafin, idonsa ya faɗa kan B4.1.1.1.1 a saman shafi, sai ya ce, "Malama, wannan lambar mota ce ko ta waya?" Ta ce, "Baba Alhaji, ai wannan shi ne abin da jikanka zai koya gobe."

Gaskiya ta faɗa masa. Wanda ya iya karanta wannan lambar ya gane rabin yadda aka gina manhajar ƙasar nan.

Lambar adireshi ce, irin na dijital ɗin nan da aka manna mana a ƙofar gidaje. B4 shi ne aji, wato shekara ta huɗu a firamare. Lamba ta farko bayansa babban reshe ne na darasin. A lissafin firamare rassa huɗu ne: lambobi, aljabara, siffofi da awo, sai tattara bayanai, don haka 1 na nufin lambobi. Ta biyu ƙaramin reshe ne a cikin babban, a nan ƙirga da sanin matsayin lamba. Ta uku ita ce mizani, abin da ake so yaro ya sani kafin shekara ta ƙare, a nan ya fahimci lambobi har zuwa 100,000. Ta ƙarshe alama ce, ƙaramin aikin da tica za ta gani da idonta ta ce lallai yaron nan ya kama hanya. A ƙarƙashin kowace alama kuma an jera misalan yadda za a koyar. Idan ka bi reshe ɗaya daga ƙasa zuwa sama za ka ga yana kauri a hankali: ɗan aji ɗaya yana wasa da lambobi zuwa 100, aji biyu 1,000, aji uku 10,000, aji huɗu 100,000. Haka kowane darasi yake. Kimiyya rassanta biyar, tarihin Ghana shida, kuma tica a Bawku da tica a Takoradi lamba ɗaya suke rubutawa idan sun zo wuri ɗaya.

Wannan tsari ya shiga azuzuwa a Satumban 2019, daga rainon yara zuwa aji shida, lokacin da Matthew Opoku Prempeh, ɗan majalisar Manhyia ta Kudu a nan garin a wancan lokacin, yake ministan ilimi. Bambancinsa da wanda ya gada a wuri ɗaya yake. Tsohuwar manhaja tana lissafa abin da tica zai koyar, in ya kai ƙarshen jerin ya sauke nauyi. Sabuwar tana lissafa abin da yaro zai iya yi. Da Baba Alhaji ya ji wannan sai ya ce, to ai haka muka yi karatun allo. Ba a wanke maka allo sai ka biya, ba ka shiga farfaru sai ka gama babbaƙu, kuma ba ruwan malam da cewa sa'anka ya kai izu goma. Ni dai ban ji wanda ya fassara manufar sabuwar manhajar fiye da dattijon nan ba. Sai dai allo ba ya bin kalanda, boko kuwa yana bi. Shekara na ƙarewa aji ya tashi gaba ɗaya, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Yawancin rigingimun da za mu gani nan gaba daga wannan tsagar suke fitowa.

Masu rubuta manhajar su ne NaCCA, majalisar manhaja da auna karatu ta ƙasa, wadda dokar ilimi ta 2008 ta kafa, dokar 2020 kuma ta ƙara mata ƙarfi. Amma ita ba ta da aji ko ɗaya. Hukumar GES ce ke ɗaukar ticoci, ta tura su, ta gudanar da makarantun gwamnati. NTC ke ba tica lasisi, NaSIA ke zagayen duba makarantu, kamfanonin ɗab'i ke rubuta littattafai su kai wa NaCCA ta amince, WAEC kuma, wadda aka kafa a 1952 hedikwatarta na Akara, ita ke shirya jarrabawa. Hannu da yawa, kowa da nasa lokacin isowa.

Kafin a zo ga darussa, a dubi tsanin da aka ɗora su a kai, don shi ne ke ruɗa iyaye. Mutum ya ji ɗansa ya ce yana "Basic 7", shi kuwa a zamaninsa ba a san wannan ba. A yau shekara 2 ce ta rainon yara, 6 ta firamare, 3 ta ƙaramar sakandare, 3 ta babbar sakandare, sannan yawanci 4 a jami'a. B7 zuwa B9 su ne ƙaramar sakandare, an ci gaba da ƙirgar firamare ne kawai. Iyayenmu wani tsani suka hau, gadon Ingila: firamare 6, midil 4, sakandare 5, sai shekara 2 ta share fagen jami'a. Shekara 17 ke nan kafin mutum ya taka harabar Jami'ar Ghana da ke Legon, ko da yake mai kaifin kai ko ɗan masu hali kan tsallake wasu shekarun midil ta hanyar jarrabawar shiga sakandare. Da yawa daga dattawan Zango da suka yi boko a midil aji huɗu suka tsaya. Kwamitin Dzobo ya ba da shawarar a gajarta tsanin tun 1974, amma sai a 1987, zamanin Rawlings, aka aiwatar a duk ƙasa, aka mai da 17 ta koma 12. An ce kowace ƙaramar sakandare za ta sami ɗakin koyon sana'a, yaro ya fita da aikin hannu. Makarantu da yawa har yau ba su ga ɗakin ba.

A 2007 gwamnatin Kufuor, bisa rahoton kwamitin Anamuah-Mensah, ta shigar da rainon yara cikin karatun tilas, ta sauya sunayen ƙaramar da babbar sakandare zuwa JHS da SHS, ta kuma mai da babbar sakandare shekara 4. Gwamnatin Atta Mills ta zo a 2009 ta mayar da ita 3. Sakamakon wannan kai-komo shi ne a 2013 rukuni biyu suka rubuta jarrabawar fita tare, suka yi cunkoso a ƙofar jami'o'i. Sai 2017 da Akufo-Addo ya mai da babbar sakandare kyauta, ɗalibai suka yi yawa har aka raba su gida biyu a 2018, waɗansu na makaranta waɗansu na hutu. Duk wannan tsawon tsani ne da faɗinsa ake taɓawa. Gyaran 2019 kuwa abin da ke kan matakalar ya taɓa.

A rainon yara ba a raba darussa sosai. Jigogi ake bi, daga yaron kansa, zuwa iyalinsa, unguwarsa, ƙasarsa, har duniya, karatu da ƙirga suna saƙe a ciki ta hanyar wasa. Iyaye da yawa a unguwanninmu ba sa son jin kalmar wasan nan. In yaro ɗan shekara huɗu bai dawo da aikin gida ba sai a ce makarantar ba ta koyarwa, a cire shi a kai shi mai zaman kanta inda za a cika masa jaka da littattafai. A ganina asara ce, amma na san inda tsoron ya samo asali.

A firamare manhajar 2019 ta zo da Turanci, lissafi, kimiyya, harshen gida, addini da tarbiyya, fasahar ƙirƙira, motsa jiki, wani darasi kan duniyarmu da mutanenmu, da tarihin Ghana, wanda aka dawo da shi da kansa bayan ya daɗe a narke cikin wasu darussa. Daga aji huɗu ake ƙara kwamfuta da Faransanci. Na ƙarshen ba abin mamaki ba ne ga ƙasar da Togo da Burkina Faso da Kodebuwa suka kewaye. A ƙaramar sakandare kuma kowa abu ɗaya yake karantawa, shi ya sa ake kiran shirin na bai-ɗaya: Turanci, lissafi, kimiyya, nazarin zamantakewa, addini da tarbiyya, harshen gida, kwamfuta, fasahar sana'o'i, zane da ƙirƙira, motsa jiki da lafiya, Faransanci, da Larabci inda ake koyar da shi. Sai a babbar sakandare hanya ke rabuwa. Tsarin da muka sani shi ne darussa huɗu na tilas, sannan ɗalibi ya shiga ɓangaren kimiyya, ko adabi da zamantakewa, ko kasuwanci, ko zane, ko tattalin gida, ko noma, ko fasaha. An fara sabuwar manhajar wannan mataki a zangon 2024/2025, da nufin ɗalibi ya sami sararin haɗa darussa fiye da da.

A saman duk wannan an rataya wasu ƙwarewa shida da ake so kowane darasi ya gina, irin su zurfin tunani da warware matsala, aiki tare, sanin asali, da iya amfani da na'ura. Ƙanwata tana rubuta su kowane mako a gurbin da aka ware musu. Na tambaye ta yadda ake auna "aiki tare" a ajin da benci ɗaya ke ɗaukar yara uku, ta ce ai shi ne aiki taren.

Yanzu ga inda abin ya fi shafarmu mu 'yan Zango, wato harshe. Ƙa'idar ita ce daga rainon yara zuwa aji uku a koyar da yaro da harshen gida, Turanci yana matsayin darasi, daga aji huɗu a juya. Ƙa'idar ta sha jifa. A 2002 an koma Turanci zalla tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru aka dawo da harshen gida, a Oktoban 2025 kuma minista Haruna Iddrisu ya sake jaddada ta. Hujjar a fili take: yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake mafarki da shi. To amma wane ne harshen gida? Harsuna 11 ne gwamnati ta daɗe da amincewa da su a makaranta: Tuwi na Asante, Tuwi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa. Gidan rediyon ƙasa yana labarai da Hausa shekaru aru-aru, 'yan siyasa suna kamfe da ita a Asawase ta Kumasi da Nima ta Akara, ana ciniki da ita daga kasuwar Kumasi har Bawku, amma a takardar makaranta ana kallonta a matsayin baƙuwa, duk da cewa fataken goro sun zauna a ƙasar nan tun kafin a sa mata suna Ghana.

Don haka ka ɗauki yarinya 'yar shekara shida a unguwar Aboabo a nan Kumasi. Wataƙila mahaifinta Bamoshe ne, mahaifiyarta Kotokoli, harshen tsakar gida Hausa. A aji za a koya mata haruffa da Tuwi, abin da kakanninmu ke kira Tonanci. Da yamma ko ƙarshen mako tana makaranta da Larabci. Littattafanta na Turanci ne, kuma bayan shekara uku Faransanci na jiranta. Mu a Kumasi da sauƙi, don ɗan Zango kafin ya yi wayo ya tsinci Tuwi a bakin famfo da cikin tirotiro, wato motar haya. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Akara su ne abin tausayi, domin yaro kan girma a can da Hausa da Turancin titi, a ce masa Ga ne harshen gidansa, ya rubuta jarrabawa a kai. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne tica mai jin Hausa takan saki takarda ta yi wa yara bayani da Hausa, su gane, sannan ta koma. Ƙanwata kullum haka take yi. Babu gurbin da za ta rubuta shi a littafin shirin darasi, babu kuma littafin karatu ko ɗaya da aka buga mata don wannan.

Larabci ya fi Hausa sa'a. Kakanninmu sun guji boko ne saboda yawancin makarantun na mishan ne, suna tsoron yaro ya tafi Abdu ya dawo da wani suna. Abin da ya sassauta wannan shi ne makarantun Turanci da Larabci, da sashen ilimin Musulunci da aka kafa ƙarƙashin GES a 1987, inda gwamnati ke tura ticocin boko cikin makarantun da al'umma ta gina, a yi manhajar ƙasa a yi addini a inuwa ɗaya. Shekaru da yawa Larabcin yana nan kamar ɗan riƙo, ana koyar da shi amma ba ya ƙara wa yaro maki ko ɗaya a ranar da ta fi muhimmanci. A 2024, shekarar da rukunin farko na sabuwar manhaja suka rubuta BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, Larabci ya shiga cikin takardun jarrabawar. Wannan ƙaramin layi a jadawalin WAEC ya yi abin da wa'azin shekara ashirin bai yi ba, domin daga ranar hedimasta ya daina ɗaukar lokacin Larabci ya ba lissafi. Maganar matsayin malaman Larabci da abin da ake biyansu kuwa tana nan, kowace gwamnati da alkawarinta.

Wannan ya kawo mu ga jarrabawa, wadda ni a wurina ita ce manhaja ta biyu, kuma ta fi ta farko ƙarfi. BECE, da aka fara a 1990, tana ba da maki daga 1 zuwa 9, ɗaya ne mafi kyau. Ana haɗa darussa huɗu na tilas, Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, da wasu biyu da yaro ya fi ƙoƙari a ciki, don haka jimla 6 ita ce ƙoli. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa manyan sakandare bisa sakamakonsu da zaɓinsu. Da wannan ake shiga makarantu irin su Prempeh ko Yaa Asantewaa ko T.I. Ahmadiyya, da wannan kuma ake rasa su. Saboda haka duk abin da manhaja ta ce, uba jimla yake tambaya, hedimasta ma jimla ake tambayarsa. Darasin da ba a jarrabawa a kai, kamar motsa jiki, yakan zama lokacin bitar tsofaffin tambayoyi. Tarihin Ghana da aka yi ta murnar dawowarsa yana tsayawa da ƙafarsa ne a firamare, inda babu babbar jarrabawar fita. Masu tsara manhajar sun san da wannan. Shi ya sa suka kawo gwajin ƙasa na tsakiyar hanya, wanda aka fara da 'yan aji huɗu a Disambar 2021, don a gano wanda bai iya karatu ba tun da sauran lokaci, kada a bari sai yana shekara goma sha biyar. Wannan shi ne mafi kusa da biya allo a duk tsarin. Amfaninsa ya dogara ga ko sakamakon zai dawo hannun ticar da ke riƙe da yaron.

Akwai kuma abin da ke shiga manhaja ko ya fita ba don masana sun zauna ba. A gyaran 2007 an cire darasin addini da tarbiyya daga jadawali, shugabannin addini suka tashi, aka mayar da shi. Darasin yana koyar da addinai uku ne, Kiristanci, Musulunci da na gargajiya, kuma kowane yaro yana karanta duka ukun, abin da wasu iyaye ba su sani ba sai sun ga ɗansu yana haddar sunayen almajiran Annabi Isa. A 2019 ƙasa ta ɗauki zafi kan batun koyar da ilimin jima'i, limamai da fastoci suka haɗa baki, har shugaban ƙasa ya fito ya ce ba za a yi ba. A 2021 kuma wani littafin tarihi na firamare ya shiga kasuwa da kalaman ɓatanci ga Ewe, NaCCA ta ce ba ta amince da shi ba.

Wannan littafin ya sami kasuwa ne saboda giɓi. An ƙaddamar da manhaja a 2019 bayan horon kusan mako guda ga ticoci, aka ba su takardar manhajar da kundin jagora, amma littattafan yara na gwamnati suka yi shekaru ba su iso ba. Ana cikin haka korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, yawancin yara ba su koma ba sai Janairun 2021. Ticoci suka koma neman darasi a waya, suna tura wa juna shirin mako a WhatsApp, masu buga littafi kuma kowa ya buga nasa ya kai kasuwar Kejetia. Wanda ke da kuɗi ya saya, wanda ba shi da shi ya kwafa daga allon bango. In za ka saya wa ɗanka littafi, ka duba ko yana cikin jerin waɗanda NaCCA ta amince da su, kada ka tsaya ga abin da aka buga a bango, don bango ba ya ƙin tawada.

A ɓangaren ticoci an yi gyara mai nauyi. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara 4, aka kuma fara jarrabawar lasisi a shekarar. A cikin makarantu an ware lokaci kowane mako da ticoci za su zauna su tattauna abin da ya gagara a aji. Inda hedimasta ya ɗauki zaman da gaske yana aiki. Ƙanwata ta ce a nan ta koyi koyar da matsayin lamba da murafen kwalba da tsinken tsintsiya, tunda kayan da takarda ta ambata ba su zo ba.

Baba Alhaji ya dawo bayan kwana biyu da jikan nasa, ya ce a gwada shi a kan lambar nan. Ƙanwata ta rubuta 40,506 a ƙasa da gawayi, ta ce ya nuna mata abin da 5 ɗin ke nufi. Yaron ya yi shiru, ya ƙirga daga dama da yatsa, ya ce da Hausa, "Ɗari biyar." Ta ce ya faɗa da Turanci, ya faɗa. Ta ce saura 4 ɗin. Nan ya tsaya, ya ce dubu huɗu. Dattijon ya dube ta ya ce, "To Malama, kada ki wanke masa." Ta ce mako mai zuwa B4.1.1.1.2 za ta shiga, da shi da sauran 'yan ajin, haka jadawalin zango ya ce.